Na Karanta Wa Yayana Yafiyar Da Babu Ita A Littafin

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida mai kula da wannan shafi da dukan masu karantawa, Allah ya dube mu da rahama ya ba mu ruwa. Roƙona na farko a ɓoye sunana. Na biyu, don Allah kada kowa ya yanke mani hukunci sai ya kai ƙarshe, don wanda na yanke wa kaina ya fi naku zafi. Ni dattijo ne, furfura ta cinye gemuna, kuma hannuna ya fi sabawa da alƙalamin kara da tawada a kan wannan waya, saboda haka ku yi haƙuri da tsawon zancena. Na gaji ne, kuma ba ni da wanda za ni faɗa wa a garinmu ba tare da maganar ta riga ni isa gida ba.

Wataƙila wasunku sun karanta wani littafin labari da ya fito kwanakin baya, na wata yarinya da ta tashi a wata tunga cikin daji, inda iyayenta da jama'arsu suka ware kansu daga sauran Musulmi saboda tsananin aƙida. Ba za ni faɗi sunansa ba. Wadda ta rubuta shi ɗiyar yayana ce, za ni kira ta Nana ko da yake ba sunanta ke nan ba. Uban nan na cikin labarin, wanda na ga wasu masu karatu suna tsine masa, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yanzu haka yana kwance a ɗakin da ke kusa da zaurena, ya tsufa, idanunsa sun rufe, ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci.

Tun muna samari Yaya ya bi wani malami baƙo, suka tare a wata tunga tsakanin Sabon Birni da Isa. Ba su cin yankan kowa, ba su bin limaminmu salla, ba su shan ruwan rijiyar gari, kuma ba su karɓar kyautar wanda ba nasu ba, don sun ce dukiyar mutanen gari duk ta gauraya da haram. Sai ga shekarun fari, waɗanda tsofaffinmu har yau da su suke tuna haihuwar yara. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone, har mutane suka koma jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita a samu abin sa wa ciki. Labari ya iso mana cewa matar Yaya tana jego kuma babu ko ƙwayar hatsi a tungar. Mahaifiyarmu ta sa aka share gindin rumbu, na ɗora geron a kan jaki na tafi. Yaya ya tare ni a bakin danga ya ce in juya da kayana. Na juya. Ba a jima ba matarsa ta rasu, jaririn ya bi ta. Dangin uwar suka zo daga Isa suka ɗauke Nana, suka sa ta boko, har ta zama malamar makaranta a can Isa. Daga baya malamin nasu ya ƙetare iyaka bai dawo ba, tungar ta watse, Yaya ya dawo cikinmu a hankali kamar wanda ya shigo masallaci an riga an tayar da salla. Bai taɓa tayar da maganar ba, mu ma ba mu tayar ba. Nana kuwa tana aiko masa da sutura da abinci duk Salla, amma ba ta taɓa zuwa ta zauna gabansa ba. In ta kira ni a waya, abin da take cewa shi ne, "Baffa, ya jikin tsohon?" Ban taɓa jin ta ce Baba ba.

Da littafin ya fito, ta sake sunayen mutane da na wurare, amma wa za a ɓoye wa a nan? Ranar kasuwar Sabon Birni nakan zauna a rumfar abokina Iro, mai kai kaya Nijar, kuma makonni ba mu da zance sai na littafin. Iro ya sayo shi, ya karanta a cikin mota, ya dawo yana huci.

"Wannan ba rubutu ba ne, tonon asiri ne," in ji shi. "Ubanki ko mi ya yi, ki sa shi cikin takarda a riƙa sayar da shi kusa da sabulu da ashana?"

Wani tsohon hedimasta da ke zama da mu ya ce, "Iro, kai da ba ka gama littahi sai in da hotuna, yau kai ne mai sharhi? Matar ga ba ta zagi kowa ba. Ta hwaɗi abin da ta gani. Kuma yaran da ke bin duk mai rawani da ya ɗaga murya, gara su karanta su ga inda hanyar ke ƙarewa."

"To ta bari tsohon ya mutu mana!"

"Uwarta an bari ta tsufa ne?"

Sai a lokacin kowa ya tuna ina zaune. Wasu suka ce littafin zai sa a raina masu riƙo da addini, wasu suka ce a'a, ya bambanta addini da taurin kai. Wani tela ya ce shi dai abin da ya hana shi barci shi ne wurin da yarinyar ke lasar turmi. Na riga na karanta shi ni kaɗai a gona, a ƙarƙashin gawo, na kuma san abin da ke ciki game da ni.

Ban san wanda ya kai wa Yaya labari ba. Wata rana muna dawowa daga sallar la'asar, ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce, "Auta," don haka yake kira na har yau, "an ce yarinyar ga ta yi littahi, kuma ina ciki."

Na ce, "Labari ne kawai, Yaya, irin na ƙirƙira."

Ya ce, "To ka karanta man ƙirƙirar. Ni ban iya boko ba ko da ina da ido. Kai ka iya. Kada ka ba yara su karanta man, kai nika so."

A nan ne nake so ku fahimci girman abin da na yi. Ni almajirin rubutu ne tun ƙuruciya. Na yi shekaru ina kwafe waƙoƙin wa'azi da littattafan ajami da hannuna, kuma malamin da ya koya mani ya yi mana doka guda da ba ya sassautawa: abin da ka tarar a takarda shi za ka juya, ko da ka ga kuskure ne. Ka rubuta shi yadda yake, in kana da magana ka sa ta a gefe, don mai karatu ya san wanne ne na mai littafi, wanne ne naka. Ya taɓa yaga mani aikin wata guda saboda na gyara kalma ɗaya da na ga ta fi daɗi. Da wannan tarbiyya aka san ni, shi ya sa har yau in takarda ta zo wa wanda bai iya karatu ba, ni ake nema, ana cewa Malam ba ya ƙari ba ya ragi. Yaya ma don haka ya zaɓe ni.

Muka fara, kullum bayan la'asar, a zaure. Farkon littafin na karanta shi daidai, kuma abin mamaki Yaya ya ji daɗinsa. Da muka zo inda yarinyar ta ɓoye ɓallin madubi a cikin ramin bango don an hana su duba fuska, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe nan ta ɓoye shi! Na neme shi har na gaji." Da muka zo inda uban ke goya ta a wuya zuwa gona yana koya mata Ƙulhuwallahu, ya ce in maimaita, na maimaita. Na ga fuskarsa ta saki irin yadda ban gani ba tun muna yara. Sai muka iso babin jaki.

Abin da Nana ta rubuta shi ne, tana leƙe ta ramin danga, ta ga ubanta ya ɗaga sanda ya doki jakin a wuya don ya juya, fuskarsa a bushe, ya koma ciki ya ci gaba da lazimi, uwarta kuwa tana ɗaki tana jin kukan jakin yana nisa. Na kalli layukan, na kalli tsohon da ke zaune gabana ya karkato kunne yana murmushi, sai bakina ya ƙi. Wallahi ban shirya ba. Sai kawai na ji kaina ina cewa uban ya dafa wuyan jakin, ya juya shi a hankali, hawaye na zuba a gemunsa. Da muryar karatu na faɗe shi, ban ko yi tuntuɓe ba.

Yaya ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Na yi kuka?"

Na ce, "Haka ta rubuta."

Ya ce, "Ban tuna ba. Amma tunda ta gani, to na yi. Yara suna ganin abin da manya ba su lura da shi ba."

Da a nan na tsaya, da sai in ce tausayi ne ya ja ni. Amma shafin da ke biye nawa ne. Ta rubuta cewa baffan yarinyar bai yi gardama ba ko da kalma ɗaya, bai nemi ganin mai jego ba, bai ma sauke buhun a bayan danga ya tafi ba, inda mata za su iya kwasa a ɓoye. Ta ce ta daɗe tana kallon bayansa tana jiran ya waiwayo. Gaskiya ta faɗa. Tsoron Yaya nake ji, kuma ina jin haushin an wulakanta ni, sai na ce a raina su ci aƙidarsu. Wannan shafin ban sauya shi ba, tsallake shi na yi gaba ɗaya. Na haɗa takardu biyu na juya. To ku gaya mani, wa nake karewa a nan, shi ko ni?

Daga ranar abin ya zame mani sauƙi, kuma sauƙin ne ya fi ba ni tsoro. Duk inda magana ta yi kaifi sai in dushe ta. Har muka kai ƙarshe, inda matar, ta girma, take cewa ta yi ta roƙon Allah ya ba ta ikon yafe wa ubanta, amma har yau bai ba ta ba, don mutumin bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba, ita kuma ba ta san yadda ake yafe abin da ba a amsa an yi ba. Ni kuwa na karanta masa cewa ta yafe masa duniya da lahira, tun da daɗewa, kunya ce kawai ta hana ta zuwa ta faɗa. Yaya ya kife fuskarsa a tafin hannu ya yi kuka, wannan karon na gaske. Ya yi ta cewa alhamdu lillahi. Tun daga ranar yake cin tuwonsa ya cinye, har ya fara tsokanar jikokina.

Bayan 'yan kwanaki Iro ya biyo gaishe shi. Yaya ya riƙe hannunsa ya ce, "Iro, ka karanta littahin ɗiyata? Ka ga inda ta yahe man?" Iro ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah mun gode, Baba." Da na raka shi waje ya tsaya ya ce, "Malam, nawa littahin a kasuwa na saye shi. Naka bugun wane gari ne?" Na ce ya rufa mani asiri. Ya ce, "Ni da na ce ta tona asiri, ai ya kamata in yaba maka. Amma wallahi na kasa. Ban san mi ya sa ba."

Maiɗakina ma ta sani. Mata sun yi ta yawo da littafin gida gida ana karanta masu, kuma tana jin nawa karatun ta bayan zana tana tankaɗe. Ta bari sai ranar da na gama. Ta ajiye mani fura ta ce, "Malam, mu da munka ji littahin ga, babu wadda ba ta yi kuka ba, kuma babu wadda ta ce yarinyar ta yi ƙarya. Abu ɗaya ta mallaka a duniya wanda ba a ƙwace mata ba, shi ne ta ce na yahe ko ban yahe ba. Shi ma ka ɗauka ka bayar ba ta sani ba." Na ce ina so ne tsohon ya mutu da kwanciyar rai. Ta ce, "Ka tabbata ran tsohon ne?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Bana ma fari ake yi. Mun yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, mun jira, ruwa ya sauko sau ɗaya ya ɗauke, geron da ya tsiro ya murɗe ya ƙone, gulbi ya koma yashi. Hadari yakan taso daga gabas, mu fito mu tsaya muna kallo, iska ta watsa shi. Liman ya yi shela za a fita sallar roƙon ruwa, kuma kamar yadda aka saba ya ce kafin ranar kowa ya je ya nemi gafarar wanda ya zalunta, a mayar da haƙƙin mutane, don kada a ɗaga hannuwa masu nauyi. Da muka dawo gida Yaya ya ce in zauna.

Ya ce, "Auta, za ni gaya maka abin da ban gaya ma kowa ba. Ranar da na ce ka karanta man littahin ga, na riga na ƙulla niyya. Na ce duk abin da ta rubuta, komi zahinsa, in na ji shi da kunnena, za ni sa ka kai ni Isa in durƙusa gabanta in ce na yi kuskure, ni na kashe uwarki da taurin kaina, ki yahe man. Shekara da shekaru maganar ga na bakina, ta ƙi hita. Na ce in na ji ta daga bakinta, tawa za ta hita." Ya yi ajiyar zuciya, ya yi murmushi. "To ashe Allah ya hutasshe ni. Tunda ta riga ta yahe, ba sai na tono mata ciwo ba. Godiya kaɗai za ni yi mata. Ka nema muna mota kahin ranar roƙon ruwa."

Jama'a, ban san yadda na tashi daga wurin ba. Abin da Nana ta jira tun tana leƙe ta ramin danga, abin da ta rubuta littafi guda tana nema, yana bakin tsohon, ya kusa fitowa, ni na mayar da shi ciki. Na sake juya jakin ke nan, da hannuna, kuma wannan karon babu wanda ya ɗaga mani sanda.

Na yi ta ba shi uzuri. Na ce hanyar Isa ba lafiya, wanda gaskiya ne, kowa ya san halin da muke ciki. Ya ce ajali ba ya jiran hanya ta gyaru. Na ce motoci sun yi wuya, ya ce Iro zai bi ta can da kaya. Ya sa an wanke masa farar rigarsa, an ninke, tana kan tabarmarsa, lokaci lokaci yana shafa ta. Jiya ya tambaye ni ko Nana tana son ƙuli-ƙuli har yanzu.

In na kai shi a haka, zai tsaya gaban matar nan ya ce na gode da kika yafe mani, har da hawayen da kika ce na yi a kan jaki. Me za ta ji? Za ta ɗauka izgili ne, ko ta gane an sake rufe bakinta kamar yadda aka rufe na uwarta. In na kira ta na roƙe ta ta amsa masa a kan ƙaryata, na ɗora mata kayan da ba nata ba, kuma dole in gaya mata shafin da na tsallake. In kuma na zaunar da Yaya na karanta masa littafin yadda yake, tsoho ne mai ciwon zuciya, na ba shi yafiya ya ɗanɗana, ya ƙara ƙiba a kanta, sannan in ƙwace? In wani abu ya same shi fa? Kuma ko zai iya sake ƙulla waccan niyya bayan na kwance masa ita? Na san hukuncin ƙarya, ba fatawa nake nema ba, na karanta babin tun ina yaro. Abin da ban sani ba shi ne ta wace ƙofa za ni shiga ba tare da na rushe ɗakin a kan mutum biyu ba.

Ranar roƙon ruwa ta matso. Za a fito da tsofaffi da yara gaba, ni ne za ni riƙe wa Yaya sanda, kuma ban san da wane hannu za ni roƙi Allah ruwa ba. Masu karatu, musamman waɗanda suka karanta littafin, da waɗanda suka taɓa jiran wata kalma daga bakin iyayensu: wa za ni fara fuskanta, shi ko ita? Yanzu haka ina jin sandarsa tana taɓa ƙofar zaure, yana kiran Auta, zai tambaye ni zancen mota. Don Allah, me za ni yi?